Rabin Irin Eusebia

Wata uku ke nan babur ɗina na jingine
a bayan ofis, gindin bishiyar turare,
har kaza ta yi ƙwai a kan sirdinsa.
Babu mai. Takardar mai tana Lima,
an ce tana teburin wani, wanin yana taro.

Ni ne Teofilo Huallpa, malamin gona.
Ƙauyuka goma sha ɗaya ne a wuyana
a kan duwatsun Andes, inda numfashi ke tsada.
Yanzu da ƙafa nake bin su,
in isa ɗaya, goma na jira.

A Huayllapata na tarar da ganyen dankali
ya yi baƙi kamar an bi shi da wuta,
kunya bayan kunya, wari na tashi.
Fortunato ya tono guda, ya matsa,
ya fashe masa a hannu kamar baragurbi.
Ya goge a wando. Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Injiniya, ina irin da jami'a ta yi alkawari?"

Me zan ce masa?
Shekara bakwai Dakta Nelida Ccori
tana haɗa auren dankali da dankali,
tana neman ɗan da cutar nan ba ta iya ci.
Saura damina biyu ta ga bakin zaren,
kasafi ya fito, an ja layi a kan sashenta.
Jan layi ba ya ƙara, alƙalami ne kawai.
Amma a watan aka yanke wutar ɗakin sanyi,
ɗalibanta uku suka koma tuƙin tasi,
iri ɗari biyu suka tsiro cikin duhu,
suka miƙa fararen yatsu suna laluben haske,
suka mutu.

Wanda ya cinye irin shuka, baɗi ya cinye.
Sai dai shi mai cin, ba a nan yake kwana ba.

Ranar Laraba sai ga Dakta a bayan babbar mota,
tsakanin tumaki da buhunan gishiri,
riƙe da jaka wadda ba komai a ciki.
Na raka ta ɗakin tsohuwa Eusebia Ttito,
wadda ta ba jami'a iri tun farkon aikin.
Dakta ta tsaya a ƙofa, baki ya yi nauyi.

Tsohuwa ta yaye busasshiyar ciyawa a lungu.
Ga su nan kwance: ja, baƙi, mai zane,
wani ya nannaɗe kamar hannun jariri.
Ta ce, "Rabi na ba ku, na riƙe rabi.
Tun ina yarinya ban taɓa ba gwamnati duka ba."

Ta ƙirga goma sha biyu cikin jakar.
"Amma nawa ma suna ruɓewa, kada ki yi murna.
Abin da kika sani ban sani ba,
shi ya sa na yarda da ke.
Duk kananzir da na saya, duk sukari,
akwai ladan gwamnati a ciki, na biya.
Kuɗina ne ya kunna firjinki.
Je ki tambayo min wa ya kashe shi."

Dakta ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa.
Shekara bakwai ba sa dawowa cikin jaka.
A gonar tsohuwa za ta sake farawa,
kunya huɗu, kusa da garken alfaka,
inda mai iri za ta riƙa gani daga ƙofa.

Daren nan na rubuta wasiƙa ta tara zuwa Lima,
na sa tambayar Eusebia yadda ta faɗe ta.
Da safe na leƙa babur:
kazar ta ƙyanƙyashe, 'yan tsaki shida.
Na ɗaure takalmi. Ƙauye na gaba
tafiyar awa biyar ne, in ruwa bai sauka ba.